Hannun Goggo Tasalla

Wata takwas ke nan Nuwaira,
haƙori biyu, kuka ɗari.
Na yunwa ne? Na zafi? Na barci?
Ni da Ramatu mu yi ta lalube
kamar masu neman allura bayan an ɗauke wuta.

Sai yayata Tasalla ta sauka daga Kakuri
da keken ɗinkinta da jaka guda.
Tun ba ta yi baki ba zazzaɓi ya tafi da jinta.
Ɗaki ɗaya muka tashi, kwano ɗaya,
amma abin da na iya da ita
bai wuce zo, ci, tafi.
Ban faɗa don ado ba.

Da hantsi, na fita da Keke Napep,
ita ta baje tabarma gindin gwaiba,
ta zaunar da yarinya a gabanta, ido cikin ido.
Tafi a lanƙwashe zuwa baki: ruwa.
Dunƙule, saki, dunƙule, kamar mai tatsa: nono.
Tafi biyu a juye sama: ya ƙare.
Yarfe hannu: ciwo.
In jirgin ƙasa ya taso daga tashar Rigasa
Tasalla a tafin ƙafa take jin sa,
sai ta ja hannu dogo cikin iska,
Nuwaira ta bi shi da ido, yawu na zuba.

Sati shida, ko gezau.
Surukata ta ce, “Ku bari!
Za ku mai da ’yar mutane bebiya.
Harshe in ya sami mai yi masa aiki, kwanciya yake.”
Na yi shiru, don ni ma tsoron na nan.

Ran wata Laraba, ana cikin koko,
ɗan hannun nan mai maiƙo
ya lanƙwashe, ya nufi baki, ya kuskure, ya sami hanci.
Tasalla ta miƙe har ta ture kwano.
Dariyarta ba ta san ƙarar kanta ba,
maƙwabta sai da suka leƙo.

Daren da ba na mantawa na Agusta ne:
ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwano na ƙara,
kuka ya ƙi nono, ya ƙi goyo, ya ƙi jijjiga.
Na haska fitilar waya.
Ta yarfe hannu. Ta kama kunnen hagu.
Ta sake yarfewa.
Na ja keke cikin taɓo har asibiti,
ma’aikaciya ta leƙa ta ce, “Ƙurji ne a ciki.
Wa ya gaya muku?”
Na nuna mai wata goma sha ɗaya.
A kan benci Tasalla ta daɗe
tana shafa kunnenta ita ma.

Yanzu ni ne ɗalibi, malamata na rarrafe.
In na shigo sai ta ja yatsa a haɓa.
Na tambayi Tasalla, mene ne wannan?
Ta nuna tabon da na samu a kan dakali ina yaro.
Ashe sunana ke nan.
Shekara talatin da huɗu tana kirana,
ban taɓa amsawa ba.

Jiya baki ya buɗe.
“Uwa,” in ji Nuwaira.
Ramatu ta yi guɗa: da ni ta fara!
Surukata ta ce ai jini ba ya ƙarya.
Yarinya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya,
ta juya wajen mai keken ɗinki,
wadda ba ta ji komai ba,
ta lanƙwashe tafi zuwa baki.

Tasalla ta tashi ta ɗebo mata ruwa.